Me ke kashe rufin gida tun bai tsufa ba?

Nasiru: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai tambayar da ke yawan dawowa. Gida sabo, kwano sabo, amma damina biyu ko uku sai ka ga silin ya yi tabo, ko iska ta ɗaga gefe guda. Mai gida ya ce kwanon ne ba shi da kyau, mai sayar da kwano ya ce aikin kafinta ne. Tunda muna da injiniyoyi da kafintoci da magina a nan, don Allah a fayyace mana abin da ke lalata rufi da yadda za a tare shi tun kafin ya faru.

Malam Haruna Kafinta: Wa alaikumus salam Nasiru. Da wuya ka ga kwano ya huje a tsakiyarsa haka kawai. Yoyo yana farawa ne daga inda aka taɓa kwanon: ramin ƙusa, inda aka ɗora wani a kan wani, inda ya haɗu da bango, da kwarin da gangara biyu suka haɗu. Mu fara da ɗori. A gefe da gefe, kwano mai tudu da kwari ana ɗora shi tudu ɗaya da rabi. Wasu suna ɗora tudu ɗaya kacal don su rage yawan fallen da za a saya, to duk ruwan da ya zo da iska ta nan zai shiga. A tsaye kuwa, wato inda na sama ya hau na ƙasa, kada ya gaza santimita 15. Idan rufin bai da gangara sosai a kai shi 20 zuwa 25. Dalili shi ne ruwa yana iya hawa baya ta tsakanin falle biyu da suka manne da juna, iska kuma tana ƙara tura shi. Sannan a lura da gefen da iskar ruwa ta fi tahowa. A fara jera kwano daga ɗaya gefen, domin bakin ɗorin ya juya wa iska baya.

Injiniya Bashir: Malam Haruna ya taɓo gangara, bari in tsaya a kanta. Kwano mai tudu da kwari, idan falle ɗaya ne dogo daga ƙololuwa har baki, zai iya aiki a digiri 5. Amma idan akwai ɗori a tsakiya, ni ba na yarda da ƙasa da digiri 10, wato rufin ya tashi kamar santimita 18 a kowace mita ɗaya. Mutane ba su cika lissafa yawan ruwan da rufi ke ɗauka ba. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa mai milimita 50, lita 5,000 ce za ta bi ta kansa. Idan gangara ta yi kaɗan, ruwan ba ya gudu, yana cika kwarin kwanon har ya kai bakin ɗori. Ƙura da ganye su kwanta su riƙe danshi, tsatsa ta samu wurin zama.

Nasiru: Malam Haruna, ƙusa fa? A tudu ake bugawa ko a kwari? Na ji kowanne da masu goyon bayansa.

Malam Haruna Kafinta: A tudu. Kwari hanyar ruwa ce, ba a huda hanyar ruwa.

Injiniya Zainab: Malam Haruna, a kwano mai tudu da kwari irin na da, maganarka haka take babu ja. Sai dai akwai kwano mai faffaɗan ciki da ƙananan haƙarƙari wanda masu ƙera shi suke cewa a ɗaura sukuru a shimfiɗaɗɗen wurin, saboda a nan ne kwanon yake manne da katako, robar sukurun ta samu abin da za ta danne. Abin da ya kamata shi ne a bi takardar wanda ya ƙera kwanon. Inda na fi ganin ɓarna ma ba wurin hudawa ba ne, yadda ake ɗaurewa ne. Sukuru mai roba idan aka matse shi fiye da kima, robar ta fashe ko ta fito ta gefe, kwanon ya lotsa ya zama ɗan tafki a kewayen ramin. Idan bai matsu ba kuma ruwa ya bi ta ƙarƙashin robar. Daidai shi ne robar ta ɗan kumburo kaɗan a gefen ƙarfen da ke kanta. A karkace ma kada ya shiga, domin gefe ɗaya zai danne, ɗaya ya bar ƙofa.

Akwai kuma motsin da kwano ke yi kullum. Zafi yana miƙar da shi, sanyi ya dawo da shi. Kwanon ƙarfe mai tsawon mita 10, idan zafinsa ya canza da digiri 50 tsakanin tsakar rana da asuba, yana motsa kusan milimita 6. Na alminiyam kuwa kusan milimita 12, ninki biyu ke nan. Wannan kai da komo shi ke faɗaɗa ramin ƙusa, yana kuma zaro ƙusa mai santsi a hankali. Shi ya sa sukuru ko ƙusa mai murɗi suka fi riƙo.

Malam Haruna Kafinta: Na karɓi gyara a kan wancan nau'in, Injiniya. In ƙara da cewa ƙusar da ta kuskure katako, kada a bar ta kuma kada a zare a bar ramin. Yawancin ɗigon da ake nema a rasa, irin wannan ne. A toshe ramin da sukuru mai roba wanda ya fi shi kauri ko a sa ribit a shafe kansa.

Baba Audu Magini: Duk kuna maganar ruwa. Ni iska ce ta fi ba ni tsoro, domin yoyo yana ba ka lokaci, iska kuwa dare ɗaya ne. Ku duba rufin da guguwa ta yaye. Sau da yawa za ku tarar da shi a ƙasa, kwano da katako a haɗe ba abin da ya rabu. Ma'ana kwanon ya riƙe katako, katakon ne bai riƙe gini ba. An ɗora katako a kan bulo an buga ƙusa biyu uku, an ce nauyinsa zai riƙe shi.

Injiniya Bashir: Baba Audu, nan ne zuciyar maganar iska. Iska ba danna rufi kawai take yi ba, yawanci tsotsarsa take yi sama. Ƙarfinta kuma ba ya ƙaruwa daidai da gudunta. Idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Iska mai gudun kilomita 108 a awa tana da ƙarfin kusan kilo 55 a kowane murabba'in mita, a kusurwa da bakin rufi kuma tsotson yakan kai ninki biyu ko fiye. Kwanon kansa a murabba'in mita bai wuce 'yan kilo kaɗan ba. Idan kuma ƙofa ko taga ta buɗe ta gefen da iskar ke bugowa, iskar ta cika ɗaki ta tura daga ciki, ta waje tana ja. Don haka dole riƙo ya zama sarƙa ba yankewa: kwano a jikin katakon kwance, katakon kwance a jikin rafta (katakon da ke gangarowa daga ƙololuwa zuwa bango), rafta a jikin katakon kan bango, shi kuma a jikin kankaren da ya zagaye ginin. Na ƙarshen nan shi ake yi wa sakaci. Tun lokacin zuba kankaren linta ake binne rodi ko noti mai kaurin milimita 10 zuwa 12, tazarar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da ɗaya kusa da kowace kusurwa. Kowace rafta a naɗe ta da langa-langa a buga ƙusa ta gefe. Ƙusar da aka buga a tsaye iska za ta zare ta ta hanyar da ta shiga, wadda aka buga ta gefe kuwa sai an yanke ta.

A layin farko da na ƙarshe, da gefen rufi, a sa ƙusa a kowane tudu ko a tsallake ɗaya kawai. A tsakiya ana iya sassautawa. Leɓen rufin da ya fito waje ya wuce santimita 60 yana buƙatar tokare, a kuma rufe ƙarƙashinsa. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure iska.

Hajiya Rabi (mai zanen gini): Sannunku da ƙoƙari. Ina so a yi maganar rufin da ake ɓoyewa a bayan katanga, domin yana da kyan gani amma shi ya fi kowanne saurin jawo kuka. A rufin da leɓensa ya fito waje, idan indararo ya cika ruwa ya zube a tsakar gida. A ɓoyayyen rufi, idan magudanar da ke bayan katangar ta cika, ruwan ba shi da wurin zuwa sai cikin silin. Saboda haka magudanar ta zama mai faɗi, aƙalla santimita 30 yadda hannu da tsintsiya za su shiga, da gangara ta kamar santimita ɗaya a kowace mita biyu. Bututun saukar da ruwa kuma akwai ƙa'ida mai sauƙi: murabba'in santimita ɗaya na bakin bututu ga kowane murabba'in mita ɗaya na rufi. Bututu mai faɗin milimita 100 bakinsa ya kai murabba'in santimita 78, mai milimita 75 kuwa 44 ne kawai. Ka ga ke nan rufi mai murabba'in mita 150 ba zai wadatu da bututu ɗaya ba, kuma inda ake ruwa kamar da bakin ƙwarya a ƙara a kan wannan lissafi.

Abin da ba na sassautawa a kansa shi ne ramin ambaliya. A huda katangar a sa ɗan bututu da ya leƙo waje, sama da bakin bututun asali amma ƙasa da leɓen magudanar. Ranar da leda ko ganye ko sheƙar tsuntsu ta toshe bututu, ruwan ya fita ta nan, mai gida kuma ya gani ya san akwai toshewa.

Baba Audu Magini: Hajiya, sai kuma inda kwano ya haɗu da katangar. Abin da aka saba shi ne a kwaɓa siminti a cusa. Ba ya daɗewa. Kwano yana motsi kamar yadda Injiniya Zainab ta ce, siminti ba ya motsi, dole ya tsage. Aikin gaskiya shi ne a yanka tsagi a bango mai zurfin santimita biyu da rabi, tsayin aƙalla santimita 15 daga kan kwano, a lanƙwasa fallen ƙarfe a cusa bakinsa cikin tsagin, ɗaya gefen ya sauko ya rufe tudu biyu na kwanon. Tsagin ne kawai ake cikewa. Kan katangar ma a yi masa hula mai gangara zuwa ciki, in ba haka ba ruwa zai shiga ta ramukan bulo ya sauko cikin bango, a yi ta zargin kwano alhali ba ruwansa.

Injiniya Zainab: Kuma jiƙaƙƙen siminti yana cin alminiyam da kwanon da aka lulluɓe da haɗin alminiyam da tutiya. Duk turmin da ya zuba a kan kwano lokacin filasta a wanke shi nan take.

Tunda an zo kan tsatsa. Kaurin kwano daban, kaurin abin da aka lulluɓe shi da shi daban. Idan ka ga an rubuta Z275, ana nufin giram 275 na tutiya a murabba'in mita, an haɗa fuska biyu. AZ150 kuma giram 150 ne na haɗin da kashi 55 cikin ɗari alminiyam ne. Wannan lulluɓin shi ne ran kwanon. Abin da ke kashe shi da wuri: yanka kwano da giranda, domin zafin yana ƙone lulluɓin bakin, tartsatsin kuma ya manne a jikin fenti ya zama ɗigo-ɗigon tsatsa. A yi amfani da almakashin kwano. Garin ƙarfen da sukuru ke fitarwa a share shi kafin a tashi aiki a ranar, raɓar dare ɗaya ta isa ya fara tsatsa. Sai haɗa ƙarfe biyu da ba sa jituwa. Ruwan da ya bi ta kan jan ƙarfe, misali daga bututun na'urar sanyaya ɗaki, idan yana ɗiga a kan kwano zai ci wurin. Ƙusar baƙin ƙarfe a jikin alminiyam ma haka. Game da kauri, a auna da ma'auni, kada a dogara da abin da aka faɗa da baki. A tsarin lambar geji, lamba mafi girma ita ce mafi siranta, geji 32 ya fi 28 siranta.

Nasiru: To silikon fa, wato gam ɗin da ake toshe rami da shi? Kusan kowa shi yake ɗauka idan ya ga ɗigo.

Injiniya Zainab: Iri biyu ne. Wanda ke da wari mai tsami kamar ruwan khal yana fitar da asid yayin bushewa, yana cin tutiya, kada ya taɓa kwano. A nemi wanda aka rubuta cewa ya dace da ƙarfen rufi. Wurinsa kuma tsakanin falle biyu ne, inda rana ba ta ganinsa. Wanda aka lafta a sama a kan ƙura da tsatsa ba ya wuce ɗan lokaci zai ɓamɓare.

Malam Haruna Kafinta: A koma kan katako kaɗan. Ɗanyen katako babbar matsala ce. Yana bushewa a sama, ya ƙanƙance ya murɗe, ƙusa ta saki, layin rufi ya lotsa. Katako yana fara ruɓewa ne idan danshinsa ya zauna sama da kashi 20 cikin ɗari, don haka ƙaramin ɗigon da aka ƙyale shekara biyu ya isa ya cinye kan rafta. Gara kuma daga ƙasa take tahowa, ta gina hanyar laka a jikin bango ko ta cikin ramin bulo har ta kai sama. Shafa baƙin mai ba magani ba ne, a fata yake tsayawa. A jiƙa katako cikin maganin gara na gaskiya, kuma duk inda aka yanka bayan haka a sake shafa wa bakin, domin ta nan take shiga. Tazarar katakon kwance ga siririn kwano kada ta wuce santimita 60 zuwa 90. In ta yi faɗi, kwano yana lotsawa ko da mutum ɗaya ne ya taka.

Hajiya Rabi (mai zanen gini): Ba kowane tabon silin ne yoyo ba. Idan ɗigon yana zuwa da asuba alhali ba a yi ruwa ba, gumi ne. Iska mai ɗumi daga kicin ko banɗaki ta hau ta taɓa kwanon da dare ya sanyaya, ta koma ruwa. Maganinsa a bar iska ta shiga ta ƙarƙashin leɓen rufi ta fita ta sama. Ƙa'idar da aka saba ita ce jimlar ramukan iska ta kai kashi ɗaya cikin 150 na faɗin silin, a sa musu raga saboda jemage da tsuntsaye.

Baba Audu Magini: Masu dakin, wato rufin kankare, kada su ce sun tsira. Kankare ba ya hana ruwa da kansa idan ruwan ya kwanta a kai. Tun daga kwaɓi ake ɓata shi. Buhun siminti mai kilo 50 ruwansa kamar lita 25 ne, amma sai a tsinka shi don ya yi sauƙin zubawa. Ruwan da ya yi yawa idan ya bushe yana barin ƙananan hanyoyi a ciki. Bayan zubawa a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, in ba haka ba fuskarsa ta tsattsage. Rodi kuma a ɗaga shi, kankare ya rufe shi da aƙalla santimita biyu da rabi. Idan ruwa ya kai ga rodi ya yi tsatsa, tsatsar tana kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta ci, ta fasa kankaren daga ciki. Shi ne kake ganin ɓaraguzai suna faɗowa daga ƙarƙashin dakin, rodi ya fito ja.

Injiniya Bashir: Haka ne Baba. A kan dakin a yi shafen gangara, a zana shi a kan ɗaya cikin 40, wato santimita biyu da rabi a kowace mita, domin bayan kuskuren hannu da lotsawa kada ya gaza ɗaya cikin 80. Shimfiɗar kwalta mai kaurin milimita 3 zuwa 4 tana aiki idan an bi ƙa'ida. Kankaren ya bushe sarai tukuna, domin danshin da aka rufe a ƙasa rana za ta mayar da shi tururi ya kumbura shimfiɗar. A shafa ruwan kwalta na share fage. A cike kusurwar da dakin ya haɗu da bango ta zama gangare, kada shimfiɗar ta karye a lungu. Ɗori santimita 10 a gefe, 15 a ƙarshe, a kuma hau da ita bango santimita 15. A rufe ta da tayil ko tsakuwa ko fenti mai mayar da hasken rana, saboda rana ce ke busar da kwalta ta tsage. Kafin a rufe, a toshe bututu a tara ruwa kamar santimita 5 na awa 24 zuwa 48, a duba ƙasa.

Nauyi ma abin lura ne. Tankin lita 2,000 tan biyu ne. Wurinsa kan ginshiƙi ko bango mai ɗaukar nauyi, ba tsakiyar dakin ba.

Nasiru: Wanda ya riga ya gina fa, me zai riƙa dubawa?

Malam Haruna Kafinta: Sau biyu a shekara, kafin ruwa ya sauka da bayan ya ɗauke, sai kuma bayan kowace babbar iska. A kwashe abin da ke cikin indararo da kwari, a zuba bokitin ruwa a ga yana fita. A duba ƙusar da ta ɗago kai, robar da ta tsage, da hular ƙololuwa. A sare reshen da ya kusanci rufi ya zama akwai tazarar mita biyu, domin yana goge fenti yana zubar da ganye. A shiga cikin silin da rana a kashe tocila, duk inda haske ya ratso rami ne. Ka tuna inda tabo ya fito ba lallai nan ne ramin ba, ruwa yana bin rafta ya yi tafiya kafin ya ɗiga. Idan an rasa wurin, mutum ɗaya ya hau da tiyo ya fara jiƙawa daga ƙasa yana hawa a hankali, ɗaya yana ciki yana kallo. In aka fara daga sama ko'ina zai jiƙe ba za a gane komai ba.

Masu ɗaura sola da dish su ma a tsaya a kansu. Ƙafar ƙarfen ta kama katako ba kwano kaɗai ba, waya kuma kada a huda mata kwari.

Injiniya Zainab: Mai hawa ya taka layin ƙusa kawai, nan ne katako yake, da takalmi mai taushin ƙasa, kuma ba a kan jiƙaƙƙen kwano ba. Tsani ya wuce bakin rufi da mita ɗaya, gindinsa ya ja baya mita ɗaya ga kowane tsayin mita huɗu, wani ya riƙe. Idan tsohon rufin asbestos ne kada a taka shi, yana fashewa ba gargaɗi. Kada kuma a yanka shi ko a kankare shi ko a huda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa kowane nau'in asbestos yana jawo ciwon daji, kuma ƙurarsa ce haɗarin. Wanda ya tsage a kira waɗanda suka san aikin, su jiƙa shi su sauke fallen ɗungurungum ba tare da sun fasa ba.